Man Gidan Uwargida: yadda na ƙaga wa gwaggona tarihi, da abin da ya biyo baya

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura shekara 25 tana matsar man gyaɗa a wani lungu na cikin birnin Kano, ba nisa da Dutsen Dala. Ba zan faɗi sunanta ba domin ita ta hana, kuma abubuwan da ta hana da waɗanda ta yarda a yi su ne rabin wannan nazari. Ni sana'ata zane a waya: katin biki, fostar 'yan takara, tambarin shago. Ni ne na ɗauki nauyin "fito da ita duniya", kamar yadda na riƙa cika baki a lokacin, kuma ni ne na kusa zubar mata da mutuncin da ta yi shekaru tana tarawa.

Yadda cinikin yake tun asali

Idan da kuɗi a hannu, Gwaggo takan aika kasuwar hatsi ta Dawanau a sayo mata buhu. Idan babu, sai kwano-kwano a Kasuwar Rimi. A tsince gyaɗar, a soya, a murje ɓawon a fece, a kai inji a markaɗo. Daga nan sai turmi: ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har man ya fara tasowa, tunkuza ta haɗe jikinta. A kwashe man, a mulmula tunkuzar a soya ta a cikin man nata, ta zama ƙuli-ƙuli. Aikin yini biyu ne, kuma yana cin kafaɗa.

Kayan na fita ta hanya uku. Yara suna tallan ƙuli, maƙwabta suna aiko yaro da kwalba, sai wasu masu shago biyu da mai tsire ɗaya da suke ɗaukar jarka da ƙullin ƙuli a kan sari. Masu shagon nan sukan juye man a kwalabensu, mai saye ya yaba, yabon ya tsaya a kan mai shago. Da ka fita daga lungun, babu wanda ya san hannun wa ya matsa shi. Wannan bai taɓa damun Gwaggo ba, tunda jarka tana ƙarewa.

Sai aka shiga 2023. Tun a Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, kuma daga ƙarshen Janairu zuwa Maris takardar kuɗi ta zama abin nema. Talla kuwa da tsabar kuɗi take tafiya. Ba wanda zai yi wa yarinya mai faranti taransifa a kan ƙulin naira 50. Kafin a farfaɗo, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin fetur ya ƙare. Kuɗin mota daga Dawanau ya tashi, kuɗin markaɗe ya tashi, ɗaya daga cikin masu shagon ya koma sayen wani mai da ya fi sauƙi, bai ma yi mata sallama ba. 'Yar Gwaggo, wadda abokiyar wasana ce, ita ta same ni ta ce, "Kai da kake yi wa mutanen banza fosta, ba za ka yi wa uwarka ba?"

Karo na farko: kambin zinare

Na zauna dare ɗaya na haɗa mata suna na Turanci, da kambin sarauta mai ruwan zinare a samansa. Na ɗauko hoton gyaɗa daga intanet, irin mai sheƙi wadda ba a taɓa gani a Dawanau ba, na buga sitika muka manna a kwalaben roba sababbi. Na buɗe shafi a Instagram da Facebook, muka sa lambar wayar 'yarta.

Mako shida, waɗanda suka saya ba su wuce dangi ba, su ma don kunya.

Yanzu da na waiwaya, dalilin a fili yake. Matar da za ta sayi man gyaɗa tambaya ɗaya ce a ranta: tsantsa ne, ko an yi masa algus da wani mai? Kambin zinare ba ya amsa wannan tambayar. Hasali ma ƙara mata shakku yake, domin irin wannan kambin ne a kan kayan kowa. Kuma na manta abin da kowane ɗan Kano ya sani tun yana yaro, cewa a garin nan mutum ake saye kafin kaya. A Kantin Kwari ba a cewa a je shago mai lamba kaza, cewa ake a je wajen Alhaji wane. Laƙabin da muke ji kullum, Mai Goro, Mai Shadda, Mai Turare, ba kamfanin talla ne ya ƙirƙiro su ba, kasuwa ce ta raɗa wa mutum bayan ta gwada shi. Ni kuwa na ɗauki mace mai suna a lungunta na rufe ta da sunan da ba ta ma iya furtawa ba.

Karo na biyu: dalar gyaɗa

A nan ne na yi ɓarnar. Na yi ta kallon bidiyon masu koyar da kasuwanci, kowa na cewa mutane labari suke saye, ba kaya ba. Sai na ce to, ai Kano ba ta rasa labarin gyaɗa ba. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, shekara ta zagayo aka fara lodin gyaɗa zuwa Legas. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne babban ɗan kasuwar da ake dangantawa da dalar gyaɗa, buhuna tsibi-tsibi suna jiran jirgi. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gonakin gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan fetur, su suka kwantar da dalar. Duk Bakano mai shekaru yana jin wani abu a ƙirjinsa idan aka ambaci wannan zamanin. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na ƙara shi ne ƙarya.

Na rubuta cewa mahaifin Gwaggo yana cikin dillalan da suka tara dala, cewa tun tana ƙarama take wasa a gindin buhuna, cewa sirrin matsar man gadon gidansu ne kaka da kakanni. Na ɗora tsohon hoton dala marar launi, na jera shi da hoton kwalbarmu. Ban nuna mata ba. Na ce a raina idan oda ta fara shigowa, ita da kanta za ta sa mini albarka.

Oda kuwa ta shigo. Cikin kwana huɗu mutane suka yi ta yaɗa rubutun, wasu na cewa sun tuna da kakanninsu, wata daga Abuja ta ce a aiko mata galan biyu ta tasha. Na fara jin kaina wani gwani.

Abin da ban lissafa ba shi ne cikin birni ba shi da faɗin da nake zato. Wani yaro ya karanta wa kakansa rubutun a majalisa bayan sallar isha'i. Tsohon ya san kakana sarai, tare suka yi zaman Kasuwar Kurmi. Ya yi dariya ya ce, "Wane? Baduku ne fa. Takalmi da jaka yake ɗinkawa. In ban da wadda yake saya ta kwabo ya ci, ban san abin da ya haɗa shi da gyaɗa ba." Kafin azahar ta washegari, maganar ta shiga gidaje ta bakin mata, ta iso kunnen Gwaggo da ƙari: wai ta ce ita jinin attajirai ce, tana gudun asalinta.

Ta aiko a kira ni. Sunan kakan nan nawa na ci, don haka ba ta taɓa kiran sunana. Babana take ce mini. Na same ta a tsakar gida da faifai a cinya, ba ta ɗago ba.

"Babana, sana'ar ubana ce ta ba ka kunya?"

Na ce, "Wallahi Gwaggo ba haka ba ne, talla ce kawai, haka ake yi yanzu."

"Haka ake yi. Mutumin da ya ciyar da mu da allura da zare, yana kabarinsa ka sauya masa sana'a, kai da kake amsa sunansa. To wanda ya ji na yi ƙarya a kan ubana, me zai hana ya ce ina yi a kan mai?"

Wannan tambayar tata ita ce duk nazarin, ba ni da abin da zan ƙara a kai sai bayani. Kayan da take sayarwa kaya ne da ido ba ya iya tantancewa a kwalba. Sai an kai gida an ɗora a wuta. Abin da mai saye yake biya kafin nan shi ne maganarta. Ni kuma na ɗauki maganar tata na jinginar don galan biyu.

Ba ta yarda a goge rubutun a yi shiru ba, wanda shi ne abin da na so. Ta sa 'yarta ta danna mata waya ta yi magana da bakinta, abin da bai kai minti ɗaya ba. Ta yi sallama, ta ce abin da aka rubuta a kan mahaifinta ba haka yake ba, yaro ne ya yi kuskure. Mahaifinta baduku ne kuma tana alfahari da shi. Wanda ya yi oda saboda wancan labarin, in yana so a mayar masa da kuɗinsa. Mutum biyu suka karɓi kuɗinsu. Matar Abuja ba ta karɓa ba, cewa ta yi a ƙara mata ƙuli.

Labarin da yake nan tun da can

Bayan kwana biyu na koma ba da haƙuri, na zauna ina taya ta tsinta don in samu fuska. A nan, ba tare da na tambaya ba, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamana da ita. Ashe kishiyarta ce ta koya mata sana'ar. Ta shigo gidan tana amarya ƙarama, ba ta iya komai ba, uwargidan ta ce mata zaman jiran miji ba ya kai mace ko'ina, ta miƙa mata muciya. Shekaru suna matsa tare, turmi ɗaya, kuɗi kowa da nata. Maigidan ya rasu suka ci gaba a gida ɗaya. Da uwargidan ta rasu, Gwaggo ta riƙe turmin da 'ya'yan duka. Shi ya sa har yau in za a aiki yaro a lungun, cewa ake, "Je ka gidan Uwargida ka sayo mai." Na sha jin wannan sunan, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Na ce, "Gwaggo, ai wannan ya fi nawa sau goma. Ki bari in rubuta."

Ta yi shiru, can ta gindaya sharuɗɗa. Ba za a nuna fuskarta ba, hannu da murya sun isa. Ba za a ambaci marayu ba, domin a cewarta ba bara ta fito ba, kuma yaran sun girma, suna da surukai. Ba za a faɗi yawan cinikinta ba, saboda baki. Kuma ba za a ce nata ya fi na kowa ba: "Yabon kai jahilci. Ka faɗi abin da nake yi, wanda ya ci ya faɗi sauran."

Da farko na ɗauka ta ɗaure ni. Masu koyarwar da nake kallo cewa suke ka nuna fuskarka, ka faɗi wahalar da ka sha, ka sa mutane kuka. Amma wannan shawara ce ta wurin da mutum zai tsaya ya yabi kansa a tafa masa. A nan, ko sarki ba ya yi wa kansa kirari a fada, akwai masu yi masa. Mace mai shekarun Gwaggo ta fito tana cewa ita ce gwana, sai a ce ta zautu. Sharuɗɗan nata ba su rage labarin ba, sun dai tilasta mini na daina kallonta na koma kallon aikin.

Muka cire kambin. Sitika ta koma fara, da rubutu baƙi: Man Gidan Uwargida, ranar matsa, lambar waya. Labarin kishiyoyin layi biyar ne, sau ɗaya muka sa shi, kuma sai da ta kira babban ɗan marigayiyar ta nemi izininsa.

Abin da ya fi jan mutane ma ba shi ba ne. Wani gajeren bidiyo ne da 'yarta ta ɗauka ba shiri: tire cike da gyaɗa a kan tabarma, yatsun Gwaggo masu lalle suna tafiya a ciki da sauri, tana fitar da mai baƙi, da wadda ta yanƙwane, da mai fumfuna, tana jefawa a wani tsohon kwanon sha da gefensa ya lotse. Muryarta na cewa, "Wannan ba ta shiga. Ko kaji ba na ba wa." A ƙarshe aka nuna kwanon ya kusa cika daga tiya uku kacal. Mata suka yi ta tambaya, dama ana zubar da wannan? Wasu suka ce su a wajensu duk tare ake markaɗawa.

A nan ma sai da na kusa komawa gidan jiya. Na san cewa fumfunar gyaɗa tana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 sanadin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, kuma an tabbatar tana da hannu a ciwon dajin hanta. Hannuna har ya rubuta "babu guba ko kaɗan". Sai na goge. Tsinta tana rage haɗarin ƙwarai, amma ɗakin gwaji ne kaɗai zai ce babu. Abin da muka rubuta shi ne abin da ido ya gani: ana tsincewa da hannu, ana zubar da marar kyau.

Mafi yawan cinikin a WhatsApp yake, ba a Instagram ba. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna yake gani, wato kusan irin mutanen da da can za su aiko yaro da kwalba, sai dai yanzu suna Hotoro da Rijiyar Zaki da Naibawa, mai adaidaita sahu ne yake kai musu. Duk ranar matsa Gwaggo takan yi saƙon murya ɗaya: gyaɗar ina aka samu wannan makon, sabuwa ce ko ta ajiya, kwalba nawa ta fito. Ta koya wa masu saye cewa man gida yakan yi kumfa in aka fara ɗora shi, a jefa albasa a bari ya soyu gafin ya fita. Da wata rana wuta ta yi yawa gyaɗar ta ɗan ƙone, man ya yi duhu, ita ta fara faɗa kafin kowa ya gani, ta rage kuɗin, ta ce na suya ne, kada a zuba a ɗanwake. A ranar ya ƙare. Wata mata ta tura saƙon nan a zauren matan unguwarsu ta rubuta a ƙasa, "Mai faɗin aibin kayanta." Wannan kirarin ya kawo mutane fiye da duk abin da na taɓa zanawa.

Inda aka tsaya

Ba zan ce an yi arziki ba. Cinikin ya dawo inda yake kafin 2023 ya ɗan ɗara, kuma bambancin da ya fi muhimmanci shi ne ribar da masu shago suke ci a da yanzu tana shigowa gida. Sai dai suna yana zuwa da nasa kayan.

Na farko, an kwafe bidiyon kwanon. Wani shafi ya ɗora shi da lambar wayarsa. Muka yi ƙorafi aka sauke, bayan mako biyu ya sake bayyana a wani wurin. Mun yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, muna zaton shi ke nan, sai daga baya muka fahimci rajistar alamar kasuwanci daban take, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya ake yin ta. Abin da ya fi kare Gwaggo zuwa yanzu ba takarda ba ce, saƙon muryarta ne na mako-mako, wanda ɓarawo ba shi da na wannan makon.

Na biyu, wani babban kanti ya nuna sha'awa, amma ya ce sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Wannan na nufin ɗaki na musamman da za a zo a duba, ba tsakar gida ba, kuma doka ta wajabta a ƙara wa man girki na sayarwa sinadarin bitamin A. Da aka yi wa Gwaggo bayani cewa ta yi, "To in na zuba masa wani abu, me zan ce wa waɗanda na gaya wa ba na zuba komai?" An gaya mata ba algus ba ne, don lafiyar ido ne. Ta ce ta ji, a bar ta ta yi tunani.

Na uku shi ne wanda ya raba uwa da 'ya. Oda ta fi ƙarfin turmi ɗaya. 'Yar tana so a riƙa sayen mai a wajen matan lungun a manna masa sitikarmu; ta ce duk manyan kamfanoni haka suke yi, kuma matan ma za su samu. Gwaggo ta ce mutane hannunta suka gani a bidiyo, ba za ta sayar musu da hannun wata a matsayin nata ba. In za a yi, sai dai matan su zo gidanta su yi tsinta a gabanta, kuma a rubuta a kwalba cewa matan lungun ne suka matsa tare da ita. 'Yar ta ce wannan zai rage wa sunan ƙarfi, kuma wa ya sani ko gobe ɗaya daga cikinsu ta koyi hanyar ta buɗe nata.

Ni ina bayan Gwaggo, ko da yake bayan abin da na yi ba a cika neman ra'ayina ba. Hujjar 'yar ba ta banza ba ce: Gwaggo ta manyanta, kafaɗarta tana ciwo, kuma sunan da ya rataya a kan hannun mutum ɗaya yana tsufa tare da hannun. Amma sunan da ke kan kwalbar ma ba na Gwaggo ba ne, na matar da ta koya wa kishiyarta sana'a ne ba ta ji tsoron za ta ƙwace mata kasuwa ba.

Makon jiya mata biyu suka fara zuwa. Na leƙa da hantsi na tarar da su uku a kan tabarma, kowa da tirenta, kwanon nan mai lotsattsen gefe yana tsakiya. Gwaggo ta sa hannu a tiren ɗaya daga cikinsu, ta ɗauko ƙwaya biyu da aka tsallake, ta nuna mata ba ta ce komai ba, ta jefa a kwanon. 'Yarta na zaune a bakin ƙofar ɗaki da waya, ba ta riga ta yarda a sauya sitikar ba, ni kuma an ce in dakata da bugawa sai sun gama magana.